Rahoton da Edita Ya Kulle

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Kin ce kun gan ni a talabijin ina karanta labarai, har na yi ƙiba. Hasken fitila ne, Inna.

Wata bakwai na yi ina binciken masana'antar da ke zuba guba a rafi, edita ya kulle rahoton a durowa. Matar da ta nuna min kabarin ɗanta kullum sai ta kira: "'Yar nan, yaushe za a nuna?" Nakan ce gobe.

Na gaji, amma ban haƙura ba. Ki yi min addu'a in daina yi wa baiwar Allah ƙarya.

'Yarki