Hancin Mai Turare

Litinin, 5 ga Maris, 2012

Yau ma na ƙona sukari. Ina tsaye a kan tukunya ina juya itacen sandal, hankalina kwance, sai Ummussalma ƙanwar maigidana ta leƙo ta katanga: "Yaya Kaltume, ba kya jin ƙauri?" Na ce da gangan ne, sabon haɗi nake gwadawa. Ta dube ni, ta dubi hayaƙin, ta sauka. Da na tabbata ta shiga ɗaki na kwashe na kai bola.

Ni ce fa wadda mata ke zuwa Birnin Kudu tun daga Kwandiko saboda turaren wutata. Shekara ta kusa zagayowa ban ji ƙamshin komai ba. Kowa ya san ina fama da mura, amma wannan ban faɗa wa kowa ba, har maigidan nawa, Baban Kausar.

Alhamis, 8 ga Maris

Kai kamar an cusa masa auduga. Da baki nake numfashi. In na yi sujada sai in ji fuskata za ta zubo a kan darduma.

Lahadi, 18 ga Maris

Na je Fagam gaida Inna. Ko zama ban gama yi ba ta ja ni bakin ƙofa, ta ɗaga mini haɓa ta leƙa hancina. Ta ce, "Basir ne ya dawo. Na faɗa miki irin na gidanmu sama yake hawa." Wai a kira Ɗanbala wanzami ya sake yankewa. Bara ma shi ya yanke tsiron da ya fito mini a hanci, na zubar da jini har na ga jiri. Na samu iska 'yan makonni, daga nan abin ya dawo, ya taho da ƙannensa. Na ce wa Inna a bari tukuna.

Da la'asar ta ɗauko kasko ta zuba garwashi, ta barbaɗa wani haɗi da ta yi. Ita ta koya mini sana'ar, ita ma wajen uwarta ta koya. Ta miƙo mini, wai in ji. Na sunkuya na ja, na yi fuskar masana, na ce sandal ya ɗan yi yawa.

"Babu sandal a ciki, Kaltume."

Ta janye kaskon ta ajiye bayanta. Gara da zagina ta yi.

Talata, 27 ga Maris

Hajiya Kubra ta zo da kanta. Za ta aurar da 'yarta Basma ƙarshen Afrilu, tana son turaren wuta da humra, kuma ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba sai nawa. Bakina ya ce to kafin hankalina ya iso. Me zan ce mata? Hajiya, nemi wata, mai turarenki ba ta bambance miski da daddawa?

Laraba, 4 ga Afrilu

Shekaranjiya na ga lahira kusa. Ciwon kai ya dame ni, na sha ƙullin garin maganin nan mai asfirin, ba a jima ba ƙirjina ya rufe, ina jan iska tana fito. Allah ya sa Baban Kausar bai fita da mota Gwaram ba, ya kwashe ni sai asibiti.

Yau da na farfaɗo wata likita ta haska hancina da 'yar fitila. Na ce mata basir ne. Ba ta yi dariya ba, na gode mata. Ta ce basir bai san hanyar hanci ba. Kuma ba ƙwayar cuta ce tushen abin ba, don haka kafso ja da rawaya da na yi ta haɗiya a banza na sha. Wai garkuwar jikina ce da kanta. Masu tsaron da Allah ya sa a jiki su kori cuta, nawa sun zama kamar karen da ke yi wa kowa haushi har mai gida. Ƙura ta shigo su tashi, hayaƙi ya shigo su tashi, ko ba komai ma ba sa kwanciya. Wannan faɗan ne ke kumbura fatar cikin hanci da kogunan fuska, kumburin ya daɗe ya cika da ruwa, ya zazzago ya zama tsiro, ya tare hanyar da ƙamshi ke bi. Shi ya sa in an yanke yake dawowa, don ba a taɓa masu faɗan ba. Ta ce ƙirjin ma aikinsu ne, asfirin kuwa ni da shi har abada.

Baban Kausar yana tsaye ta tambaye ni yaushe rabona da jin ƙamshi. Na faɗa. Sai a mota ya ce, "Shekara guda, Kaltume?"

Ta tambayi sana'ata ma. Da na faɗa sai ta ajiye biro.

Asabar, 14 ga Afrilu

Ya buɗe! Ƙananan fararen ƙwayoyin da likita ta ba ni na 'yan kwanaki, su ne. Ina yanka albasa na ji ta, na zauna a ƙasa ina kuka, albasa ta samu abin ɗora wa laifi. Na bi gidan nan ina shinshina komai kamar akuya: sabulu, randa, filo, kajiji.

Ta ce in nisanci hayaƙi. Na ji. Amma aikin Hajiya na jira, kuma hancina ya dawo. Na hura wuta.

Juma'a, 27 ga Afrilu

Ban iya rubutu ba kwanakin nan.

Ƙwayoyin sun ƙare ina tsakiyar aiki. Kullum ina cikin hayaƙi, kullum ƙofar hancin na ƙara rufewa, ranar da na zo kan farce ta rufe ruf. Farcen turare kuwa ɓawon wata halitta ne, daga ruwa yake fitowa, sai an wanke an sake wankewa an soya ƙarninsa ke fita, kuma hanci kaɗai ke cewa ya isa. Na yi da ido. Ummussalma na nan bayan katanga, kira ɗaya ne, girman kai ya hana ni.

Jiya Hajiya Kubra ta dawo da kwalaben. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sun gwada a ɗakin amarya, ɗakin ya koma kamar wajen masu kifi. "Lafiya kuwa, Kaltume? Wannan ba hannunki ba ne." Na ce hannuna ne, Hajiya, hancin ne ba nawa ba.

Zuwa yanzu labari ya kai Gwaram, na sani.

Litinin, 7 ga Mayu

Na koma na roƙi likita ta ƙara mini ƙwayoyin nan. Ta hana. Wai in aka daɗe a kansu suna cin ƙashi, su kawo ciwon sukari da hawan jini. Ta ba ni na fesawa a hanci safe da yamma, da wankin hanci da dafaffen ruwa mai ɗan gishiri. Na ce yaya ake yi? Ta ce, "Ba kina shaƙa ruwa a alwala ki fyace ba? To haka, sai dai ki yi da gaske." Ta ce ba warkewa ake yi ba, lallaɓawa ake yi. In tsiron bai ja baya ba sai an yi aiki, kuma ko an yi, fesawa na nan.

Na ce turaren fa? Ta ce ba shi ya haifi ciwon ba, amma duk tsayuwar da na yi a kan tukunya tsokanar masu faɗan nake yi.

To ga ni. In na riƙe sana'a, babu hancin yin ta. In na riƙe hanci, babu sana'ar. Jikina ne ya kulle ni, wa zan kai ƙara?

Alhamis, 10 ga Mayu

Inna ta aiko da sassaƙen basir. Na ajiye a bayan randa.

Alhamis, 24 ga Mayu

Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na miƙa wa Ummussalma tukunyar da kaskon ta katanga, na faɗa mata haɗin Inna tun daga farko har ƙarshe. Haɗin da bai taɓa fita daga jininmu ba. Kausar tana makaranta a Kano, ta ce ita ba ta da ra'ayi, to wa zan ba?

Yanzu ita ke suya a gidansu, ni ina zaune nesa a ƙarƙashin darbejiya ina ba da umarni da baki. Tana da hanci, ba ta da haƙuri, wuta take cikawa. Haushi nake ji in na ga hannunta a kan ludayina. Na aika wa Inna saƙo, na zaci faɗa. Amsarta ɗaya ce: a ce wa yarinyar ta riƙa wanke farce da lemon tsami.

Gishiri safe, gishiri yamma. Ba abin da ya canja.

Lahadi, 3 ga Yuni

An yi ruwa jiya, gari ya yi sanyi. Na wanke hanci, na fesa, na fito tsakar gida ina tsince shinkafa. Ummussalma na suya a can, tana hira da wata baƙuwa, dariyarsu har nan.

Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Wani abu siriri, can nesa, kamar zare. Na ce, "Ummussalma, sauke, sukarinki zai ƙone."

Hirar ta tsaya. Na ji ƙarar tukunya a ƙasa. Can sai ga kanta a saman katanga, ido waje: "Yaya, ta ina kika gani?"

Na ce hayaƙin ne ya canja launi. Ƙarya nake, bayana na ba katangar.

Ban ce ya dawo ba. Wataƙila gobe babu. Ƙafata har ta ɗauki hanyar gidansu, in je in karɓi ludayin in nuna mata yadda ake yi. Na tsaya a zaure na ɗan jima. Sai na dawo na ɗauki tiren shinkafata, na shiga ɗaki, na rufe taga.