Irin Da Ba Ya Son Rana

Kaura Namoda, Fabrairu 2000

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya jikin Baba Ajayi mai gonarku? Mun sauka lafiya. Dogo direba bai tsaya ba sai shan mai, don ko'ina muka bi zancen rikicin Kaduna ake yi. Har yanzu ina jin haushin turo ni gida da ka yi, kai ka zauna a Kurmi. Ka ce dattijon ya rantse zai ɓoye ka in aka taɓa Hausawa. Shi na yarda da shi. 'Ya'yansa da suka sare masa tsoffin itatuwan koko don su dasa na zamani, su ne ban yarda da su ba.

'Ya'yan kokon da ka ba ni na jera su cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Ban manta ba, su ne na ƙarshe daga tsohuwar bishiyar, kuma wata mata mai yin cakulan a Ikko ta ce ba ta taɓa jin ƙamshi irin nasu ba. Ka ce ƙwayar in ta bushe ta mutu. To ka yi sauri, ba za su jira ka da daɗewa ba.

Mahaifinka ya zo daga Zurmi zai kwana biyu. Ta bakin ƙanwarka Zulaihat ya tambaye ka, ya ce har yanzu gero bai ishe ka ba ke nan. Ya daɗe yana kallon gindin randar nan.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Matarka,
Ummusalma

Kaura Namoda, Maris 2000

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan wannan ta same ka da rai da lafiya, don ba mu ji daga gare ka ba, rediyo kuma ba ta faɗin abin da zai kwantar da hankali.

Ka yi haƙuri da abin da zan gaya maka. Na je Shinkafi sunan ɗan yayata, na kwana, don motar mata da aka ware mana yanzu ba ta cika da wuri. Da na dawo sai na tarar Baba mahaifinka ya sake zuwa, yana tsakar gida da wuƙa a hannu. Ya fasa kokon tun jiya, ya murje ƙwayar da toka, ya baza ta a tabarma cikin rana tsaka, yadda yake yi wa irin kabewa. Biyu kaɗai suka rage a gabansa.

Ka san tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ma daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Zulaihat ta tafi niƙa, babu wanda zan aika. Ina tsaye ya ɗauki na kusa da shi. Wallahi ban san lokacin da na zube gabansa na ce ya bari ba. Na gaya masa wannan iri ba ya son rana, abin da ya shanya ya riga ya mutu.

Bai dube ni ba. Ya fuskanci bango ya ce shi yana ajiye iri tun ba a haifi ubana ba, bai taɓa jin inda aka bar iri cikin laima don a tsira da shi ba. Ya ajiye wuƙar, ya tattara busassun a hularsa, ya koma Zurmi ko tuwo bai ci ba.

Na yi kuka har na gaji. Taimakonka ya yi niyya, ni kuma na yi masa rashin kunya. Ga shi ɗaya cikin biyun ya fara baƙi. Ina tsoron in fasa, ina tsoron in bari.

Allah ya tsare mini kai.

Ummusalma

Kaura Namoda, Afrilu 2000

Maigidana,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Dogo ya kawo saƙonka. Ka gode mini wa Baba Ajayi. Amma dai ka iya shiru, sai da na rame kamar kara.

Ga abin da ya biyo baya. Baba mahaifinka ya dawo, ya sa Zulaihat ta tambaye ni ko abin nan halin ƙwallon mangwaro gare shi, a ci a binne. Na ce haka ne. Ya karɓi biyun ya tafi da su garkarsa ta bakin gulbi. Ya shuka ƙwayar cikin leda a inuwar mangwaro, ya kewaye da zana, yana ban ruwa safe da yamma. Busassun ma ya shuka su gefe, ka san shi da kafiya. Ko ɗaya bai fito ba. Ya aiko mini da tandu cike da man shanu.

Na ɗanyen kuwa bakwai suka tsiro, ganyensu ja-ja. Zafin bazara ya riga ya kashe biyu. Baba ya ce sauran ba za su kai damina a ƙasar nan ba, dole su koma inda aka san su. Dogo ya ce a ɗora su saman buhunan albasa. Baba ya ce shi bai raini abu ba don a gasa shi a saman mota.

Na gane da kansa yake nufin kai su, na roƙe shi ta bakin Zulaihat, na ce hanya ba ta gama lafawa ba. Ya ce ta gaya mini magana ɗaya ya ji daga gare ni, ta ishe shi na bana.

Saboda haka ka share ɗaki, ka nemi gero ko nawa yake. Wannan wasiƙa ba Dogo zai miƙa maka ba. Tsohon da bai taɓa wuce Gusau ba ne zai kawo ta, da kwandon tsiron a cinyarsa.

Ka gaishe shi da kyau. Ka huta lafiya.

Taka,
Ummusalma