Tururuwa a Wandon Illa

Daren Lahadi, Mayahi

Illa ya ɓata mini wasan kwaikwayo a gaban kowa.

Babu wurin da na sha wahalar rubutawa kamar inda maigida yake tonon gidan tururuwa don ya samo wa iyalinsa tsabar gero. Ba ƙirƙira na yi ba. Da idona na ga Baba ya yi haka bara a garinmu Kona, ya dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba, bai ce da kowa komi ba. Haka na tsara wurin, shiru kawai.

Sai ga Illa, wanda ya fito a matsayin maigidan, yana tsalle yana soshe-soshe, wai tururuwa ta shiga wandonsa. Filin lakwal, makarantar garin nan, ya kaure da dariya. Kumandan mai mulkin gari da sojojinsa a kujerun gaba har da tafi.

Na tare shi a bayan zana, na ce, "Illa, wa ya rubuta maka wannan?"

Ya ce, "Haba Mushe, mutanen nan yunwa suka baro a gida. In sake ɗora musu ita?"

Da ƙyar na riƙe hannuna.

Ina cikin huci sai ga darektan lakwal yana washe baki, wai Kumandan ya ce wasan nan za a kai gasar Maradi, amma kada a taɓa wurin tururuwa, a bar shi yadda Illa ya yi. Tun yaushe nake neman Maradin nan!

Na buɗe baki in ce ban yarda ba, sai na ji ina cewa, "Madalla, mun gode." Ni da bakina.