Bulalar da Khaulat Ta Ƙi Karɓa

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

An koro Khaulat daga Islamiyya. 'Yata, wadda ko harara malami bai taɓa yi mata ba!

Ƙa'idar Malam Halliru ce, wadda ta kawo hadda daidai ita ke zane wadda ta kasa. Yau Khaulat ta kawo, wata Sharifa 'yar garin Achika ta kasa. Aka miƙa wa Khaulat bulala, ta sa hannu a baya ta ƙi karɓa. Malam ya ce in ba ta zane ta ba, babu ita a saukar ƙarshen wata.

Raina ya ɓaci ƙwarai.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Umma, Sharifa ta iya haddar. I'ina gare ta, in ta ga bulala bakinta sarƙewa yake." Wai kuma ai ni na koya mata cewa mai ƙarfi ba ya gwada ƙarfinsa a kan wanda bai kai shi ba. Na ce wannan a kan ƙannenki na faɗa, ba a kan malaminki ba.

Amsar tawa ba ta yi mini daɗi a baki ba.

Litinin, 7 ga Yuli

Tela ya kawo ankon sauka. Danginmu na garin Ɗankaza duk na gayyace su, da wane baki zan ce an fasa? Babanta ya ce mu mata mun fi kusa, ya sa takalmi ya fice. Haka yake, in magana ta yi zafi.

Laraba, 9 ga Yuli

Ba ta cin abinci. Na lallaɓa ta, na ce ɗan taɓa ta kawai za ki yi, a wuce wurin. Ta ce, "Ba zafin ba ne, Umma, dariyar 'yan aji ce."

Taurin kan nan ban san inda ta gado shi ba. To, na sani.

Juma'a, 11 ga Yuli

Gobe da kaina zan kai ta. Ta ba Malam haƙuri, ta yi abin da aka ce.

Asabar, 12 ga Yuli

Mun je. Na gaishe da Malam, na ba da haƙuri, ya ce babu komai, ya kira Sharifa. Ashe 'yar ficiciya ce. Tun kafin a ce mata komai ta miƙo tafin hannu ta runtse ido, alamar ta saba. 'Yan aji suka fara ƙunshe dariya.

Malam ya miƙa bulala. Khaulat ta kalle ni. Tsoro take ji, amma hannun nan yana baya.

"Karɓi" na zo faɗa, wallahi shi na zo faɗa. Sai na ji bakina ya ce, "Malam, a gafarce mu, ba za ta dake ta ba."

Ya ce to, sauka sai baɗi. Na ce Allah ya kai mu.

Ba wai na goyi bayanta ba ne, har yanzu haushi nake ji. Ankon na ninke na sa a ƙasan akwati, tela ya bar kalmasa da yawa, zai shige ta baɗi.

Wai gobe Sharifa za ta zo su yi hadda a tsakar gida. Sai in ƙara hannu a tuwo.