Katin Jibin da Na Bari a Gida

Baba,

Gaisuwa da ladabi cikin sunan Ubangijinmu. Yaya ƙafar Mama? Yaya Auta da karatu? Ni lafiya lau, sai ɗan ƙullutu da likita ya gani a ƙirjina. Ranar Alhamis za a yi mini aiki. Kada Mama ta ji.

Baba, tsoro nake ji. Ko guga nake yi a wurin aiki, hankalina yana kan Alhamis ɗin.

Ranar Lahadi na je ikilisiya irin tamu don in ci jibin Ubangiji kafin a kwantar da ni. Dattijon bakin ƙofa ya nemi katina na shaidar cin jibi. Na ce na manta shi a gida. Ya nuna mini bencin baya, ina kallo gurasa ta wuce ni. Ban ga laifinsa ba, kai ma haka kake yi shekara ashirin.

Abokiyar aikina da muke ɗaki ɗaya ta ga na dawo ido jawur, ta ja ni sujadarsu ta yamma, masu ganga da tafin nan da ka hana mu ko leƙawa. Fastonsu tambaya ɗaya ya yi mini: "Kin ba da gaskiya ga Yesu?" Na ce e, ya ba ni jibin. Na ci, Baba. Ban san me za ka ce ba. Matan ikilisiyarsu ne kuma za su yi jinyata.

Ka sa ni a addu'a. In baƙuwa ta zo maka ba kati, ka dubi fuskarta tukuna. Wataƙila ita ma Alhamis take jira.

'Yarka ta fari