Ƙananan Kaburbura a Lambun Turawa

Landan, Yulin 1971

Zuwa ga Bashira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maƙwabta, mun sauka lafiya. Rana a garin nan sai ta ga dama take leƙowa, abincinsu kuwa ba gishiri ba yaji, da ƙyar yake wuce maƙogwaro.

Ga maganar da ta sa na rubuto. Maigidana Ammi Mahmud ya sayi gida a wani ƙauye a ƙasar nan, yana so in zauna in kula da gidan da motar, a kawo ki. In na ƙi, ya ce direbobinsa na Jidda sun ishe shi, kin kuwa san shi ne kafilinmu da ya tsaya mana, iƙamarmu, takardar izinin zama a Jidda, a hannunsa take. Ki yi tunani ki ba ni amsa.

Na bar ki lafiya.
Mijinki, Na'ibi

Bani Malik, Jidda

Abu A'i,

Wa alaikumus salam. Malama Rabi ce ke rubuta mini, shi ya sa ba zan faɗi duk abin da ke bakina ba.

Tunanin me zan yi? 'Yarmu A'i tana kwance a garin nan. Na san ba a barin mata su shiga maƙabarta, na san ba alama a ciki sai ƙasa da tsakuwa, amma duk Juma'a ina bi ta gindin katangar in yi mata sallama. A can wace katanga zan bi? Iyayenmu sun tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, sun ƙare ƙarfinsu a gonakin Sudan don su mutu kusa da Ka'aba, mu kuma mu hau jirgi mu ba ta baya. Abin ya ba ni haushi, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ne maigida. In ka ce yalla mu tafi, zan ɗaure kayana.

Allah ya tsare.
Matarka

Landan, Agustan 1971

Bashira,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Takardarki ta zo, tana aljihuna ranar da na kai Ammi da iyalinsa kallon wata tsohuwar fada ta dutse mai ganuwa, ta sarakunansu na da can.

Ciki warin danshi kamar rijiyar da aka daina ja. Kawunan barewa jere a bango, sulken ƙarfe a tsaye ba kowa a ciki, mutane na taka darduma da takalman da suka taka kashin tantabaru. An nuna mana bayan gidan sarkin, rami ne a jikin ganuwa da ke zubowa cikin ruwan da ya kewaye fadar, ga agwagi na iyo, Turawa na ɗaukar hoto. An gangara da mu kurkukun da ake ɗaure mutane har su mutu, mai yi mana bayani yana ta raha.

Na gudu lambu in sha iska. Fili ne iya ganinki, ciyawa shar, ba kuɓewa ko ɗaya, ba a kuma yarda a taka. An aske bishiyoyi kamar kawunan yara ranar sallah. Ruwa na tsartuwa daga bakin gunki tsirara ba mai sha, ni kuwa ina tuna ki a ƙofar gida kina jiran mai ruwa.

Can ƙarshen lambun, ƙarƙashin wata babbar bishiya, na ga kaburbura ƙanana a jere, kowanne da farin dutse da rubutu. Na ce Allah sarki, yaran gidan ne. Yaro ai ba ruwansa da addinin iyayensa. Na cire takalmi na tsuguna na yi musu sallama, na yi addu'a, A'i ta faɗo mini a rai, na yi kukan da ban yi ba ranar da na sa ta a ƙasa.

A haka Othman, babban ɗan Ammi mai karatu a nan, ya same ni. Ya karanta duwatsun, ya toshe baki, dariya ta ƙwace masa. Ya ce, “Ya Na'ibi, tashi. Karnukan mai fadar ne.”

Na wanke hannu da fuska a famfo har fata ta yi zafi, ƙyamar ba ta fita ba. A mota na ce wa Ammi halas, magana ta ƙare, ba zan zauna a ƙasar nan ba. Tun ranar bai kalle ni ba. Ban san abin da zai yi da iƙamarmu ba, ki shirya wa komai.

Ki gaishe da Malama Rabi.
Na'ibi

Bani Malik, Jidda

Abu A'i,

Wa alaikumus salam. Iƙama ta Allah ce, kar ta hana ka barci.

Malama Rabi ta tofar da yawu da ta zo kan karnukan. Ni ban tofar ba. Na yi ta tunanin matar mai fadar da ta san daidai inda karenta yake kwance.

Kai ka shiga maƙabartar da A'i, kai kaɗai ka san wurin. Ka dawo tun kana iya tunawa, mu tsaya a bakin ƙofar, ka nuna mini da yatsa.

Sai ka iso.
Bashira