Ƙwanƙwasa Uku a Ƙarƙashin Teku

Samer, Faransa, 6 ga Satumba

Zuwa ga mijin yayata Wilf,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya jikin Yaya Odile? Yaya ƙarfin hali? Na zaɓi takarda ne don in na buga maka waya ihu kawai muke yi wa juna, kana "Me?" ina "Me?", har maƙwabta su ɗauka faɗa ne. Injin haƙar kwal ya cinye maka kunne, amma ai ya bar maka ido.

Ranar Lahadi da ka miƙa mata wayar, ta daɗe tana yi mini Faransanci tsantsa, irin na kakarmu. Ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga gona. Wilf, Baba shekararsa talatin a kabari. Sannan ta rage murya ta ce akwai wani mutum a gidan, yana da kirki, yana dafa mata dankali, amma ba ta jin abin da yake faɗa. Kai take nufi. Na ajiye wayar na yi kuka har na gode Allah.

Ciwon mantuwan nan ya kwashe mata Ingilishin da ta yi shekara arba'in da biyu tana yi da kai. Kai kuwa Faransancinka bai wuce "na gode" da "ƙaro ɗaya" ba. Ka kawo mini ita ta yi hunturu a gidan da aka haife mu, tun tana gane ni.

Kada ka ce mini hanya. Ga jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin teku nan a ƙofar gidanka. Da motarka za ka shiga, a cikinta za ku zauna, minti talatin da biyar kuna Calais. Kai da ka ce ba ta samun natsuwa sai a kujerar gaba, jakarta a kan cinya, ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Paulette

Deal, Ingila, 12 ga Satumba

Ƙanwata Paulette, uwar surutu,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, na karanta sau uku. Jiki da sauƙi, tana cin abinci.

Gaskiyar magana, jirgin ruwa ba zai yiwu ba. Su dole ne kowa ya fita daga mota ya hau bene cikin jama'a. Bara da muka gwada, kafin in biya kuɗin shayi in juyo babu ita. A bakin ƙarfen jirgi na same ta, ƙafa ɗaya a sama, tana leƙen ruwa. Ban taɓa faɗa miki ba.

Amma haba Paulette, rami kike ce mini in shiga? Kina 'yar makaranta lokacin da ramin kwal ya rufta da ni, shi ya sa kike faɗinsa kamar zuwa kasuwa. Awa talatin da ɗaya na yi kwance a gefe ɗaya, ruwa har haƙarƙarina, gawar abokina Denny tana danne da ƙafata. Ranar da aka fito da ni na rantse ba zan sake shiga ƙarƙashin ƙasa ba sai a akwatin gawa. Aikin wajen rami aka mayar da ni har aka rufe wurin. Ko London na je, bas nake hawa, ba na shiga jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin gidan nan kuwa, Odile ce take sauka, ni ban san launin bangonsa ba.

Jiya na tuƙa mu har Folkestone, na tsaya a kan tudu ina kallon motoci suna shiga taragu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya ja su ya shige cikin dutse. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, to wannan ba tsumma ba ne, macijin ne da kansa.

A hanyar dawowa ta yi ta yi mini magana, doguwa, da alama tambaya ce, don tana ta kallon bakina. Na ce mata "na gode", shi ne abin da na iya. Ta juya fuskarta wajen taga.

Na sayi tikitin. Talata 29 ga wata, na ƙarfe goma da ashirin na safe. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ba mutuwa nake tsoro ba, tsorona kada hankalina ya gushe a can ciki, alhali ba ta da kowa sai ni.

Ki dafa miyar albasar nan taki. Naki,
Wilf

Samer, 20 ga Nuwamba

Wilf,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake, kuma hankalina a tashe.

Har yau ban yafe maka tafiyar da ka yi ba. Kwana uku kacal! Ka iso rigarka sharkaf kamar an tsamo ka daga rijiya, na tambaye ka, ka ce wai zafin mota ne. A ƙarshen Satumba? Sannan don Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙa maka alawa ta ce in gode wa direba, sai ka haɗa jakarka ka bi jirgin ruwa ka koma. Na ga fuskarka, na san ya yi maka ciwo. Amma namiji har namiji, alawa ce za ta kore ka?

Makonnin farko abin ya yi kyau, na rubuta maka ai. Ta gane murhun Mama, ta gane bishiyar tuffa, har waƙa muka yi. Yanzu abin ya juya. Kwana tara ke nan da ta fara wani abu da ba mu gane ba. Sai ta zauna kusa da bututun ƙarfen da ke ɗumama ɗaki, ta ɗauki cokali ta ƙwanƙwasa sau uku, ta kafa kunne. Ta jira, ta sake, uku cif, ba ta taɓa yin huɗu ba. In na ƙwace cokalin sai ta yi da zobenta. Daga safe har yamma abin da take yi ke nan, idonta a waje kamar wadda ake bi.

Ta rage cin abinci. Jiya cokali biyu na miya ta sha. Maganar ma ta ɗauke, Faransancin da na yi ta taƙama da shi yau ko kalma biyar ba na samu. Likita ya ce haka ciwon yake. Ni ban yarda ba, wannan ba abin banza take yi ba, wani take jira.

Kai ka zauna da ita shekara arba'in da biyu. Mene ne wannan? Kuma me ya faru a cikin jirgin nan?

Ƙanwarka,
Paulette

Deal, 25 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa. Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi kujera.

A raminmu akwai abin da ake koya wa kowa ranar farko. In ƙasa ta rufta da kai, kada ka ɓata numfashi wajen ihu. Ka lalubi bututun ƙarfe ka buga sau uku, ma'ana ina nan da rai. Masu tono in sun ji sai su buga sau biyu, ma'ana mun ji ka, muna zuwa. Awa goma sha tara ina bugawa da zoben aurena kafin a amsa mini.

Bayan an fito da ni abin bai bar ni ba. A coci, a layin gidan waya, a kan teburin cin abinci, in tsoron ya taso sai in ji hannuna yana bugawa da kansa. Odile ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Sai dai duk inda take, ko hannunta da kumfar wanke-wanke, ta buga sau biyu. Ko 'ya'yanmu ba su sani ba.

To ranar nan. Muka bi layi, aka duba fasfo, na tuƙa cikin taragon. Dogon akwati ne na ƙarfe, mota a gabana, mota a bayana. Wata ma'aikaciya mai rigar ruwan ɗorawa ta zo ta ce, "Baba, ja birkin hannu, sa giya ta ɗaya, kashe inji, sauke gilashi rabi." Ta dube ni da kyau ta ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya lau. Ƙarya nake. Sai wata ƙofar ƙarfe ta sauko a gabanmu, wata a bayanmu, aka rufe mu mota huɗu.

Akwai 'yar taga a jikin taragon. Na kafa mata ido, ina ganin ciyawa, ina ganin shinge, sai kawai baƙi. Kunnuwana suka toshe, na ji muna gangarawa. Paulette, na san wannan gangarar a cikin cikina. Mutumin motar gaba ya fito yana miƙa, yana cin burodi da cuku, 'ya'yansa suna dariya, ni kuwa lissafi nake: dutse a kaina, a kan dutsen teku, a kan tekun jirage. Na duba agogo, minti shida. Na jira, na jira, na sake dubawa, minti bakwai.

Daga nan numfashi ya ƙi shiga. Na ji warin jiƙaƙƙen kwal, na rantse miki, na ji nauyin Denny a ƙafata. Hannuna ya kai kan marfin mota. Niyyata in fita in ruga, ban san ina ba, in bar ta a zaune. Abin kunyar da ya hana ni faɗa miki ke nan, na manta da ita sam. Ɗaya hannun kuwa yana ta buga zobe a jikin ƙarfen sitiyari, ban ma sani ba.

Sai na ji sau biyu a kan allon gaban mota.

Na juya. Ba ni take kallo ba, gaba take kallo, jakarta a cinya. Na sake bugawa uku. Ta ɗaga hannu ta buga biyu. Matar da ta yi wata biyar ba ta kira sunana ba! Haka muka yi, uku, biyu, uku, biyu, ban ƙirga sau nawa ba, har haske ya dawo a 'yar tagar. Na fito ina kuka, na hau hannun hagu kamar a gida, sai da wata babbar mota ta danna mini hon na koma dama.

Shi ya sa maganar direban nan ta kashe mini jiki. Na ɗauka ta dawo mini, kwana uku ba a yi ba ta sallame ni da alawa. Na ce ai ta samu masu jin harshenta, ni mene ne amfanina. Wauta ce, na yarda.

Shekara talatin da wani abu ita ce mai amsawa, ba ta taɓa buga uku ba sai yanzu. Don Allah ki ɗauki cokali, ki je wani ɗakin, in ta buga uku ki buga biyu a bututun. Ki rubuto mini abin da ta yi.

Naki,
Wilf

Samer, 1 ga Disamba

Wilf,

Gaisuwa. Na yi yadda ka ce. Na shiga kicin, ta buga uku, na buga biyu. Na leƙo na ga ta miƙe zaune, fuskarta ta washe, wayyo, kamar Yayar da na sani. Ta sake bugawa, na sake amsawa. A karo na uku ta saurara, ta girgiza kai, ta ce, "Ba shi ba ne." Kalma ta farko ke nan a kwana huɗu. Na gwada da zobena, na gwada da wuƙa, na sa maƙwabcinmu Lucien ya gwada da hannunsa na maza. Ta san bugunka, ba ta ruɗuwa.

Ko ruwa sai da dabara yanzu. Likita ya ce in ta ci gaba haka, ba maganar makonni ake ba. Yatsunta sun kumbura amma ba ta daina ba, sai dai bugun ya yi rauni, sai na matso nake ji.

Ba zan zage ka ba yau, ba ni da ƙarfi. Ka taho.

Paulette

Folkestone, 4 ga Disamba, a cikin mota

Paulette,

Ina gaishe ki. Da safen nan takardarki ta iso. Na nufi Dover, aka ce iska ta hana jiragen ruwa tashi tun jiya, wataƙila sai jibi. Na ƙarƙashin ƙasa shi babu ruwansa da iska.

Ina kan layi, mota shida a gabana. Rubutun nan don in riƙe hannuna nake yi, ki yi haƙuri da karkacewarsa. Kujerar gefena babu kowa, sai rigar sanyinta da na manta ban kai mata ba. In na buga yau, ba mai amsawa. Na yanke shawara ba zan buga uku ba. Biyu zan yi ta bugawa har mu fita.

Kada ki shigar da ni wurinta kai tsaye, kada ta ga direba. Ki buɗe mini ƙofar kicin, ki nuna mini bututun.

Ba zan sa wannan a gidan waya ba. In kin gan ta, da hannuna na miƙo miki.

An ɗaga sandar da ke tare hanya. Motar gabana ta motsa.

Wilf